Daga Lolo zuwa Boma: Lambobin yabon 'yan mazan jiya da sunayen da ke ɓacewa

A duk ranar 15 ga Janairu, shugabanni kan ajiye furanni a Abuja da Birnin Kebbi da sauran hedikwatocin jihohi, a busa ƙaho, a saki fararen tattabaru domin tunawa da 'yan mazan jiya. Kafin azahar taro ya watse. Da wuya a ji an ambaci sunan ƙaramin soja ko guda daga cikin dubban da suka kwanta dama a Kamaru da Habasha da dazukan Boma.

A birnin Landan kuwa akwai mutanen da neman waɗannan sunaye ya zame musu sana'a da abin sha'awa. Su ne masu tara lambobin yabon soja. Suna saye, suna sayarwa, suna bin kundin tarihi shafi-shafi don gano wanda aka bai wa kowace lamba. A kasuwarsu ana samun lambobin da aka taɓa maƙala wa 'yan Arewa a ƙirji, alhali a gidajen da mutanen suka fito jikoki sun fara mance ko a wace ƙasa kakansu ya yi yaƙi.

Iyakar da ta haifi runduna

Garin Lolo na ƙaramar hukumar Bagudo a Jihar Kebbi yana bakin Kogin Neja, dab da Madekali ta Jamhuriyar Benin. Yau an fi sanin yankin da noman shinkafa da su da fataucin kan iyaka. Amma wannan iyakar tana da hannu a haihuwar rundunar da ta zama sojan Najeriya.

A shekarun 1890, Ingila da Faransa sun yi rige-rigen mallakar ƙasar Borgu. A 1894 Frederick Lugard ya riga jami'in Faransa Decoeur isa Nikki da 'yan kwanaki. Zuwa 1897 Faransawa sun kafa sansani har a Busa, saura ƙiris ƙasashen biyu su gwabza. A wannan shekarar ce gwamnatin Ingila ta ɗora wa Lugard aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF, domin taka wa Faransa birki.

Ba a kai ga yaƙi ba. Ranar 14 ga Yuni, 1898 aka sa hannu kan yarjejeniya a Paris, wadda ta ce layin iyaka zai taɓa kogin a wani wuri mai nisan mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen ruwan Illo. Da alƙalami aka raba Dandawa da Kyangawa da Fulani da Hausawan da ke cin kasuwa ɗaya, suna auratayya. Daga nan samarin wannan ɓangare suka shiga sojan Ingila, na wancan ɓangare suka shiga na Faransa, kowa da irin lambar da aka ba shi.

Hausa ce harshen bariki a rundunar WAFF. Tun kafin ta, ƙaramar rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda sojan Najeriya ke ɗauka a matsayin tushensa, da sunan Hausawa aka san ta.

Abin da ke jikin lamba

Lambar yabo iri biyu ce. Akwai ta jarumta, wadda ake bai wa mutum ɗaya saboda bajintar da ya nuna a rana kaza. Akwai kuma ta halartar yaƙi, wadda duk wanda ya kasance a fagen daga cikin wani ƙayyadadden lokaci yake samu. Ta biyun ta fi yawa, ita ce kuma aka fi samu a adakar tsofaffi.

Wadda ta fi shafar tarihin Arewa ita ce lambar hidimar Afirka da aka ƙirƙiro a 1902, mai suna Africa General Service Medal. Ta azurfa ce, zagayayya, da hoton Sarki Edward na Bakwai a fuskarta ta farko. Ƙyallenta ruwan ɗorawa ne, da baƙi a gefe da siraran layuka kore guda biyu. A kan ƙyallen ake ɗaura wani ɗan siririn ƙarfe mai ɗauke da sunan wurin da aka yi yaƙin da shekararsa.

Abin da ya fi komai muhimmanci yana gefen lambar, inda ido ba ya saurin kaiwa. A nan ake buga lambar aikin soja da muƙaminsa da sunansa da bataliyarsa. Ga talakan da bai bar hoto ko wasiƙa ko takardar haihuwa ba, wannan ɗan rubutu na iya zama shaida guda tilo da ta rage cewa ya taɓa rayuwa.

Sai dai sunayen kansu na da matsala. Akasari akan rubuta sunan yanka ne a haɗa da sunan gari: wane Sakkwato, wane Argungu, wane Zuru. Babu sunan uba, babu unguwa. Ga kuma rubutun Bature, wanda kan mayar da Muhammadu ya koma Momadu, Audu ya koma Awudu. Shi ya sa lambar aiki ta fi suna amfani wajen bincike.

Lamba mai fuska biyu

Duk wanda ya riƙe irin wannan lamba a ƙasar Hausa, ya riƙe abu mai nauyi. Ƙarfen da aka rubuta wa Arewacin Najeriya 1903 an ba da shi ne saboda yaƙin da ya ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, ya ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, ya ƙare a Burmi ranar 27 ga Yuli inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya tare da ɗimbin mabiyansa. Wanda aka rubuta wa 1906 kuwa na murƙushe Satiru ne da kuma yaƙin Haɗeja.

Jami'an da suka ba da umarni Turawa ne, amma mafi yawan waɗanda suka ɗana kunamar bindiga 'yan ƙasa ne. A gumurzun Kwatarkwashi na watan Fabrairun 1903, Laftanar Wallace Wright ya samu Victoria Cross, lambar jarumta mafi daraja a Ingila, kuma tarihinsa na nan a rubuce daki-daki. Sojojin da suka tsaya tare da shi sai mai bincike ya sha wahala kafin ya tsinto sunayensu. Mahayan Kano da suka faɗi a gabansu kuwa babu wanda ya buga musu azurfa.

Don haka abin da wani gida ke kallo a matsayin alfahari, a wani gidan tabo ne. Wannan bai zama dalilin jefar da lambar ba. Shaida ce ta yadda aka ci ƙasar nan da hannun 'ya'yanta, kuma masu nazarin tarihi na buƙatar irin wannan shaida ko da ba ta da daɗin ji.

Daga Garwa zuwa Kaladan

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Najeriya sun yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka yi babbar asara a yaƙin Mahiwa a watan Oktoban 1917. Lambobin wannan yaƙi duk suna ɗauke da suna. Amma ko a nan an nuna bambanci: lambar yaƙin da aka bai wa sojoji ta azurfa ce, wadda aka bai wa wasu rundunonin leburori kuma ta tagulla.

Cikin 'yan Arewa da sunansu ya tsira akwai Chari Maigumeri, mutumin Borno. Da farko sojan Jamus ne a Kamaru, aka kama shi, daga baya ya shiga rundunar Najeriya a 1917. Ya kai muƙamin Samanja na bataliya, ya samu lambar jarumta a yaƙin Habasha, ya je Boma, ya yi ritaya a 1953 aka ba shi muƙamin Kyaftin na girmamawa. Barikin soja na Lakwaja sunansa yake ɗauke da shi. Irinsa ba su da yawa.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, birged ta 23 ta Najeriya na cikin dakarun da suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairun 1941, suka nausa zuwa Harar a Habasha. Bayan haka aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma aka tura su Boma, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar. Kimanin sojojin Afirka ta Yamma 90,000 ne suka je wancan yanki, fiye da rabinsu 'yan Najeriya.

Runduna ta 81 ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota. Ta sama ake jefo musu abinci da harsashi, 'yan dako su ɗauka a ka su ratsa duwatsu. Bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga rundunar Chindit da aka sauke a bayan layin abokan gaba a 1944. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung.

Sunayen waɗannan wurare suna nan a gabanmu kullum: barikin Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan a Legas. Wuraren sun samu masu tuna su. Mutanen ne ba su samu ba.

Wani dalilin hakan na jikin lambobin da kansu. Tauraron Afirka da Tauraron Boma da sauran lambobin halartar yaƙi na 1939 zuwa 1945, Ingila ta raba su ne ba tare da buga suna ba. Ƙasashe irin su Ostireliya da Afirka ta Kudu sun buga sunayen sojojinsu, amma na Afirka ta Yamma haka aka miƙa musu. Tauraron Boma mai tsini shida, da ƙyallensa ja mai gefen shuɗi da ruwan lemo, da zarar ya rabu da littafin sallamar mai shi, babu wanda zai iya cewa na wane ne.

Waɗanda ba su dawo ba

Sojan da ya mutu a fagen daga bai taɓa ganin lambarsa ba, domin sai bayan yaƙi ake raba ta. Ƙa'ida ita ce a miƙa wa magada. To amma ina za a samu magajin mutumin da aka rubuta da sunan yanka da sunan babban gari kawai?

Matsalar ta wuce lamba, ta kai ga kabari. A watan Afrilun 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙungiyar Commonwealth, wato CWGC, ta fitar da rahoton wani kwamiti na musamman. Rahoton ya gano cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, akasarinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, kuma adadin na iya kaiwa 350,000. Wasu 45,000 zuwa 54,000 kuma an tuna da su amma ba daidai da Turawa ba. Rahoton ya ɗora laifin a kan wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka, kuma Sakataren Tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa.

Duk da haka akwai sunayen da suka tsira. Akwai allunan tunawa a Zariya da Lakwaja da Ibadan da Kalaba. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon, akwai bango mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma. Hukumar ta sa waɗannan sunaye a shafinta na intanet, kuma kowa na iya dubawa kyauta.

A tsallaken iyaka

Ga 'yan uwan mutanen Lolo da ke Madekali da Malanbil da Gaya, labarin ya ɗan bambanta. Faransa ta dogara sosai kan ɗaukar soja na dole. Kimanin mutum 200,000 ta kwasa daga Afirka ta Yamma a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan 30,000 ba su dawo ba. Tsoron wannan kame ya sa ƙauyuka da dama a yankunan Faransa tsallakawa ƙasar Ingilishi. A Borgu ta Dahomey, Bio Gera ya ɗaga takobi a kan Faransawa a 1916, kuma ɗaukar soja na dole na cikin dalilan boren. An kashe shi a ƙarshen shekarar. A 2022 gwamnatin Benin ta kafa mutum-mutuminsa a Kwatano.

Lambobin Faransa galibi ba sa ɗauke da suna a jiki, takardar shaidar da ke rakiyarsu ce ke bayyana mai su. Amma ma'aikatar tsaron ƙasar ta wallafa katunan waɗanda suka mutu a shafin Mémoire des hommes, inda sau da yawa akan ga gundumar da soja ya fito.

Lambar ba ta hana wulaƙanci ba. Ranar 1 ga Disamba, 1944 sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tsofaffin fursunonin yaƙi 'yan Afirka a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, saboda sun nemi haƙƙinsu na albashi. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na cewa adadin ya kai ɗaruruwa. Sai a 2024 Shugaba Emmanuel Macron ya amince cewa kisan kiyashi ne. Fanshon tsofaffin sojojin Afirka kuwa an daskarar da shi da wata doka ta 1959, aka shafe kusan shekara 50 ana biyan su ƙasa da takwarorinsu Faransawa.

Kasuwar da ba mu san da ita ba

Tara lambobin yabo tsohuwar harka ce a Ingila. Akwai ƙungiyar masu bincike a kansu da aka kafa tun 1942, akwai kamfanonin gwanjo irin su Spink da Noonans a Landan da ke buga kundin kayan da za su sayar, akwai kuma hada-hada a eBay. Attajirin nan Lord Ashcroft shi kaɗai ya tara Victoria Cross fiye da 200.

Abin da ke sa farashi a wannan kasuwa shi ne labari. Tauraron da babu suna kuɗinsa kaɗan ne, saboda an buga su da yawa. Lambar da ke da suna, wadda aka tabbatar da ita a rajistar da ke ma'adanar tarihi ta Kew a Landan, ta fi daraja. Idan mai ita ya mutu a fagen daga ko ya yi wata bajinta, farashi ya ƙara tashi. Cikakken jerin lambobin mutum ɗaya tare da takardunsa da hotonsa ya fi komai tsada.

Akwai masu ganin rashin dacewa a ce mutuwar bawan Allah ce ke ƙara wa kaya kuɗi. Masu tarawar kuma na da hujjarsu: da ba don su ba, da yawancin lambobin an narkar da su, kuma binciken da suke yi ya dawo da sunayen da hukumomi suka yi watsi da su. Kowane ɓangare na da gaskiyarsa. Abin da babu gardama a kai shi ne, lambar da ta ƙetare teku ba ta cika dawowa ba.

A nan gida hanyoyin asara sanannu ne. Ana raba gado a raba lambobin, wannan ya ɗauki ɗaya, wancan ya ɗauki ɗaya, jerin ya watse. Ta azurfa na iya ƙarewa a wurin maƙeri ta koma zobe. Ta tagulla yara su yi wasa da ita, ko ta bi 'yan gwangwan. Gara ta cinye littafin sallama. A garuruwan bakin kogi irin su Lolo da Illo, ambaliyar damina ɗaya ta isa ta tafi da adaka da abin da ke cikinta.

Abin da iyali za su iya yi

Duk gidan da ke da irin wannan ajiya, matakin farko ba ya buƙatar ko sisi. A ɗauki hoton lambar da waya, gaba da baya da gefe, a kwafe lambar aiki da suna yadda aka rubuta su. Kada a goge ta da toka ko yashi ko man goge ƙarfe, domin hakan na cinye rubutun. Kada a sauya tsohon ƙyallen ko da ya koɗe. A haɗa ta da littafin sallama da katin fansho da hoto a wuri guda mara danshi. Idan an zo rabon gado, gara a yi wa jerin ƙima a bar shi a hannun mutum ɗaya da a tarwatsa shi.

Sai kuma tsofaffi. 'Ya'yan waɗanda suka je Boma yanzu su ne dattawa, kuma a bakinsu ne kawai za a ji sunan uban sojan da unguwarsu da wanda suka tafi tare. Naɗar muryarsu ta rabin sa'a na iya cike giɓin da rajistar Landan ta bari. Mai son zurfafa bincike na iya zuwa ma'adanar tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, ko ya nemi tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939 kuma ta bi labarin yaƙin. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu da reshen ƙungiyar tsofaffin sojoji na Jihar Kebbi na iya buɗe rajistar da iyalai za su kawo hotuna da bayanai, ba tare da sun rabu da kayansu ba.

Batun bai tsaya ga zamanin Turawa ba. Bayan 'yancin kai an ba da lambobin Kwango da na yaƙin basasa da na Laberiya da Saliyo, yanzu kuma ga na Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma. Jama'a sun san Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali da aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016, da Laftanar Kanar Ibrahim Sakaba da ya rasu a Metele a Nuwamban 2018. Ƙananan sojojin da suka faɗi tare da su fa, mutum nawa ne zai iya kawo sunan ko ɗaya?

Lokacin da aka binne sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta Jihar Delta a watan Maris na 2024, an karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya a maƙabartar sojoji ta Abuja, aka ba kowannensu lambar girmamawa ta ƙasa. Haka ya kamata a riƙa yi wa kowa, a kuma ajiye rajistar inda maraya zai iya zuwa ya gani bayan shekara 50. Jihar Kebbi, wadda ƙasar Zuru kaɗai ta ba sojan Najeriya zuriya bayan zuriya, tana da dalilin da za ta riga kowa fara wannan aiki, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tun masu iya ba da labarin suna raye.